Filastar Maganin ADHD: Za Ta Yi wa Yaro Aiki a Zafin Kano?

"Assalamu alaikum Likita. Ɗana shekararsa takwas, yana aji uku na firamare. Bara likita ya tabbatar mana yana da ADHD, wato matsalar kasa tattara hankali da kasa zama wuri ɗaya, ya rubuta masa Ritalin, rabin ƙwaya da safe, rabi da rana. Maganin yana yi masa aiki, malamarsa ma ta shaida, amma shansa ya zama yaƙi kullum: ya ɓoye a kumatu, ya tofar, wataran har amai. Na rana kuwa yawanci a jaka yake dawowa. Yayana da ke zaune a Amurka ya ce a can akwai wanda ake mannawa a jiki kamar filasta, zai iya aiko min. Shin wannan ya fi sauƙi a jikin yaro, tunda ba cikinsa zai shiga ba? Kuma yaya ake amfani da shi?" Wata uwa daga Hotoro, Kano.

Wa alaikumus salam. Hajiya, Allah ya raya mana shi, ya ƙara masa lafiya. Idan na fahimce ki da kyau, ba ki da ƙorafi a kan maganin kansa, tunda har makaranta ta ga sauyi. Abin da ya hana ki sakat shi ne hanyar da zai bi ya shiga jikin yaron, sai kuma na rana da ba ki nan balle ki tsare shi ya sha. Yayanki ya faɗi gaskiya, filastar tana nan, kuma don irin ɗanki aka ƙirƙiro ta. Sai dai zaton cewa ta fi sauƙi a jiki kuskure ne, kuma fata ƙofa ce da zafi da gumi suke juya ta yadda suka so, abin da mu a Kano muke da shi fiye da buƙata. Ban ga yaron ba, ban auna shi ba, don haka abin da zan faɗa ba zai maye gurbin likitan da ke duba shi ba. Zan dai ba ki abin da za ki shiga wajensa da shi.

Me ke cikin filastar

Wadda aka fi sani sunanta Daytrana. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta amince da ita a 2006 don yara 'yan shekara 6 zuwa 12, a 2010 kuma aka ƙara har zuwa 'yan 17. Sinadarin da ke cikinta shi ne metilfenidet, wanda yake cikin Ritalin ɗin da ɗanki yake tofarwa, kuma shi ne a cikin Concerta, wata ƙwayar ADHD mai dogon aiki. A 2022 aka amince da wata mai suna Xelstrym, ita kuma dekstro-amfetamin take ɗauke da shi, dangin wancan ne amma ba shi ba. Akwai ta uku da wasu likitoci kan yi amfani da ita, filastar kilonidin, wadda asalinta ta hawan jini ce, ana barin ta a jiki kwanaki, kuma dokokinta daban suke. Mafi muhimmanci a cikinsu, ba a daina ta farat ɗaya, domin jini yana iya hauhawa. Ni a kan ta farkon zan tsaya, don kusan tabbas ita yayanki yake nufi.

An gauraya maganin ne a cikin danƙon da ke manne filastar da jiki. Da zarar ta zauna, sinadarin yana ratsa fata sannu a hankali, ya faɗa ƙananan hanyoyin jini, jini ya kai shi ƙwaƙwalwa. A can aikinsa ɗaya ne ko ta baki ya zo ko ta fata: yana sa dofamin da noradirenalin, sinadaran da ke isar da saƙo, su ɗan jima a tsakanin jijiyoyin ƙwaƙwalwa, sashen da ke riƙe hankali da taka wa gaggawa birki ya samu ƙarfin aiki. Saboda haka duk illar da ƙwayar take da ita, filastar ma tana da ita: rage cin abinci, jinkirin barci, ciwon kai, ciwon ciki da tashin zuciya (ƙwarai kuwa, ko da bai bi ta ciki ba), ƙaruwar bugun zuciya. Sannan ta zo da tata ta fata a kai.

Girma huɗu ake yin ta, ana kiran kowace da yawan maganin da take saki cikin awa 9: miligiram 10, 15, 20 da 30. Ƙaramar ba ta kai fuskar akwatin ashana ba, babbar kuma ta kusa katin cirar kuɗi. Faɗin shi ne ma'aunin, domin iya fatar da ta rufe iya maganin da ke shiga. Kada lissafi ya ruɗe ki: in ƙwayar mai miligiram 10 ce, rabi sau biyu da ɗanki yake sha miligiram 10 ne a rana, amma wannan ba ya nufin daidai yake da filasta mai lamba 10. Abin da aka haɗiye sai ya bi ta hanji da hanta, su lalata kaso mai yawa kafin ya isa jini, na fata kuwa ya tsallake wannan shingen. Shi ya sa ko yaro ya daɗe a kan ƙwaya, da ƙaramar ake fara masa, a yi mako guda ana kallo, idan da buƙata a hau ta gaba, mako-mako, a tsaya inda aka samu natsuwa ba tare da an takura jiki ba.

Yadda ake manna ta, da lissafin lokaci

Wurinta gefen ƙugu ne, a kan kwatangwalo, ƙasa da inda robar wando ko tazuge yake zama, don kada ya riƙa gogar ta. Fatar ta kasance mai tsabta, busasshiya, babu mai, babu hoda, babu ƙurji ko ƙwarzane. A yage 'yar jakar da hannu a hankali, a duba filastar ba ta tsage ba. Gefen danƙon yana rufe da siririyar leda. A ɓare rabinta, a ɗora a fata, a janye sauran rabin ana shafawa, ba tare da yatsa ya taɓa danƙon ba. Sai a danne da tafin hannu daƙiƙa 30 cur, a bi gefe-gefen da yatsa. Yawancin filastar da ke faɗuwa kafin azahar, a wannan daƙiƙa talatin ɗin aka yi mata gaggawa. A wanke hannu. Gobe a koma ɗaya gefen, jibi in an dawo na farko a ɗan gusa daga tabon shekaranjiya. Idan ledar ta ƙi ɓaruwa, ko danƙon ya biyo ta, wannan ta lalace, a ɗauki wata. Ba a yanka ta da almakashi don a rage ƙarfi, ba a kuma ɗaure ta da salatif ko bandeji.

Lokaci shi ne inda take da daɗi, kuma shi ne inda take da wuya. Tana ɗaukar kamar awa 2 kafin ta fara aiki, alhali ƙwayar da yake sha cikin rabin awa zuwa awa ɗaya take kamawa. Idan ana shiga aji ƙarfe takwas, ƙarfe shida ya kamata a ce tana jikinsa, wato bayan sallar asuba kaɗan. Iyaye da yawa suna manna ta yaro yana barci. To amma mu nan yaro yana wanka da safe kafin makaranta, kuma duk da an yi ta don ta jure ruwa, soso da sabulu suna ɗaga mata gefe. Ya fi a tashe shi da wuri, ya yi wankan, jiki ya bushe ya huce, sannan a manna. Ki kuma san cewa hidimar safiya, neman safa da takalmi da jakar da aka manta inda aka jefar, duk ba da taimakon magani za a yi ta ba.

Iyakar zamanta a jiki awa 9 ne. Aka manna ƙarfe shida, a cire ƙarfe uku. Bayan an cire, maganin da ya riga ya taru a fata yana ci gaba da shiga, kuma a gwajin da aka yi kafin amincewa da ita an ga tasirinta tun daga awa ta 2 har zuwa awa ta 12 da mannawa. A lissafinmu, wannan ya kai shi ƙarfe shida na yamma, ya haɗe boko da Islamiyyar bayan la'asar da manni ɗaya, ba a roƙi malama ta tuna da komai ba. Babbar fa'idarta ke nan, kuma ba ƙarama ba ce. Ta biyu ita ce ke ke riƙe da tsawon ranar: Alhamis da Juma'a da babu Islamiyya, ko ranar da aka ga barci yana wuya, likita zai iya cewa a cire ƙarfe ɗaya ko biyu. Ƙwaya mai dogon aiki in ta wuce maƙogwaro ba mai dawo da ita.

Sai dai dole a samu wanda cirewar take wuyansa. Filastar da aka manta har bayan isha'i ita ce yaron da ƙarfe ɗayan dare idonsa biyu, bai ci tuwo ba, yana ta juyi. Ki sa ƙararrawa a waya. In ta faɗi a makaranta, ana iya manna sabuwa a wani wurin na ƙugu, amma lokacin cirewa ba ya canzawa, ƙarfe ukun nan dai. Kuma a tuna da wa ake magana: yaro mai ADHD, da abu a ƙugunsa yana yi masa ƙaiƙayi. Wasu sukan ɓare ta tun kafin tara, wani ma ya manna wa abokinsa don wasa. Wanda ya iya ɓoye ƙwaya a kumatu ba zai rasa dabarar filasta ba.

Zafi, gumi da hunturu

Nan ne nake so ki fi tsayawa. Takardar da ke cikin kwalin ta yi gargaɗi ƙarara cewa kada zafi ya taɓa filastar kai tsaye, domin a gwaji an ga ɗumama wurin yana ninka maganin da ke shiga jini sau biyu ko fiye. Dalilin a fili yake: zafi yana buɗe hanyoyin jinin fata, jini ya yawaita a ƙarƙashin filastar, ya riƙa kwashe sinadarin da sauri. Su abin da suka lissafa irin na ƙasar sanyi ne, bargon lantarki da na'urar busar da gashi. Namu daban ne: kaskon garwashi da yara ke zagayewa da sanyin safiya, ruwan wanka mai zafi, kujerar babur ko ƙarfen Adaidaita Sahu da ya sha rana, jingina da bangon da ya gasu, ƙwallo a fili da tsakar rana a watan Afrilu lokacin da ma'auni ke taɓa digiri 40. Ƙari a kan haka, maganin filasta yana hauhawa ne a jini a hankali, ya kai ƙololuwa wajen ƙarshen awannin tara, wato tsakanin azahar da la'asar, daidai lokacin da garin ya fi ƙuna. Alamar ya yi yawa ita ce zuciya na dukan uku-uku, hannu na rawa, ciwon kai, amai, yaro ya rikice ko ya riƙa ganin abin da babu. In an ga haka a cire nan take, a wanke wurin da ruwa, a tafi asibiti da kwalin a hannu. Ranar da yake zazzaɓi kuwa, shawarata kada a manna sai an ji daga likitansa.

Gumi kuma ta ɗaya gefen yake ɓarna. Yana shiga ƙarƙashin danƙon ya ɗaga shi, rabin filasta na lilo, rabin magani na shiga. Sai a wayi gari yau yaro ya natsu, gobe kamar ba a ba shi komai ba, a ɗauka ƙarfin ne ya yi kaɗan a ƙara, ranar da ta manne sosai kuma ya yi masa yawa. Ga ƙurajen zafi da ke fesowa yara a bazara, daidai wuraren da tufafi ke rufewa. Fatar da ta yi ƙuraje ko ta kumbura tana shan magani fiye da lafiyayya nesa ba kusa ba, don haka ba a manna a kanta, hodar da ake barbaɗa wa ƙurajen kuma tana hana danƙo kamawa.

Da hunturu matsalar mai ce. Kowace uwa tana shafe ɗanta da basilin ko man kaɗanya daga wuya har ƙafa don kada ya yi furu-furu, filasta kuwa ba ta zama a kan mai. Sai a manna tukuna, a shafa man daga baya ana kauce wa wurin. Da yamma bayan an cire, man yana da amfani biyu: yana narkar da ragowar danƙon da ya maƙale, ba sai an kankare da farce ba, yana kuma sanyaya fatar kafin jibi.

Ajiya ma aiki ce. Ana so ta zauna a wajen digiri 25, kada ta wuce 30, kuma ba a sa ta a firji. Ki auna wannan da ɗakin kwano a watan Mayu ba wuta. Zafi yana ɓata danƙon, ledar ta riƙa ƙin ɓaruwa, kwalin da aka kashe kuɗi a kansa rabi ya tafi a banza. Wanda ba shi da ɗaki mai sanyi na dindindin, wannan kaɗai ya isa ya sa ya sake tunani.

Abin da take yi wa fata

Ja da ɗan ƙaiƙayi a inda aka cire abu ne da yawancin yara suke yi, yakan baje cikin kwana ɗaya ko biyu. A fatarmu jan ba ya fitowa kamar yadda ake gani a hotunan littattafai. Wurin yakan yi duhu ne ko ya ɗan yi sheƙi, don haka a haɗa da shafawa da yatsa, a ji ko ya tasa. Wanda ake tsoro shi ne kumburi, ƙananan ƙuraje ko masu ruwa, da suka wuce awa 48 ba su lafa ba, ko suka bazu suka wuce iyakar filastar. Wannan yana iya zama jiki ne ya fara ƙin sinadarin kansa, kuma hasarar a nan babba ce: wasu daga cikin waɗanda hakan ta same su ba sa sake iya shan metilfenidet ko ta baki. Ga yaron da ƙwayar take yi wa aiki, kuma a garin da zaɓin magungunan ADHD bai da yawa, wannan caca ce da ya kamata a sani kafin a shiga.

Akwai kuma wanda FDA ta yi gargaɗi a kansa a watan Yunin 2015, bayan ta tattara rahoton mutum 51 tsakanin 2006 da 2014: fata tana rasa launinta, ta yi fari fat kamar albaras, yawanci a inda ake mannawa, wani lokaci har a wani sashen jiki. Wasu bayan wata biyu ya fito musu, wasu sai bayan shekara huɗu, faɗinsa kan kai inci 8, kuma ba ya komawa ko an daina. Ba ya ciwo, ba ya yaɗuwa ga wani, kuma ba kasafai yake faruwa ba. Amma farin tabo a baƙar fata ba ya ɓuya, kin kuma san bakin mutanenmu a kan irin wannan. In akwai mai albaras a dangi a gaya wa likita tun farko, in kuma aka ga wuri ya fara haske a daina a kai shi.

Sauran sa ido ɗaya ne da na ƙwaya, ina fata ana yi masa tun yanzu: nauyi duk wata uku a shekarunsa, tsawo duk wata shida, bugun zuciya da awon jini duk lokacin da aka sauya ƙarfin magani. A cika masa ciki da safe kafin maganin ya kama, kunun gyaɗa da ƙosai ko ƙwai, a kuma bar masa ƙofa a buɗe da dare lokacin da yunwar take dawowa, ko da fura da nono ce bayan an kwashe kwanuka. Likita ya san in akwai ciwon zuciya, suma, ko mutuwar fuju'a ta matashi a dangi, ko farfaɗiya, ko yaron yana yawan ƙyafta ido da fizgar kafaɗa ba da sonsa ba. Abu ɗaya da kunya take sa a ɓoye: maganin, ta kowace hanya, yakan jawo miƙewar gaba mai ciwo da ta ƙi kwanciya, ko da yake da wuya. In ta kai awa huɗu, asibiti ne a daren, ba jiran safiya. Ga yaro mai sikila, wanda dama yana cikin wannan haɗarin, sai an yi shawara da likitan jininsa.

Filastar da aka cire ba fanko ba ce. Mai lamba 10 tana ɗauke da miligiram 27.5 tun daga masana'anta, ke nan bayan awa tara fiye da rabi yana nan a cikinta. Ƙaninsa mai rarrafe in ya tsince ta ya sa a baki, magana ta zama ta gaggawa. A ninke ta biyu danƙo ya haɗu da danƙo, a jefa a masai. Kada ta shiga kwandon shara, don bola a unguwanninmu wurin wasan yara ce da kiwon awaki.

Maganar aikowa daga Amurka

A nan zan ce miki a'a kai tsaye. Metilfenidet yana cikin magungunan da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa wa takunkumi. A Amurka ba a bayar da shi sai da takardar likitan da ya duba mai shan, da sunansa, kuma mutum ba shi da izinin sa shi a akwatin gidan waya. A nan gida shigo da irinsa sai da izinin NAFDAC, kuma NDLEA tana tsaye a filayen jirgi. Yayanki da niyyar alheri zai iya jefa kansa da wanda ya riƙo saƙon cikin abin da ba su shirya masa ba. Ko an tsallake wannan, kwali ɗaya filasta 30 ne, wata guda. Wata na biyu fa? Ba kaya ne da ke kan kantocin magungunanmu ba, ko a Ingila ma ba a sayar da ita. Maganin da za a fara a yanke, a koma ƙwaya, a sake farawa, yana wahalar da yaro fiye da wanda ake samu kullum. Wanda kuma ya ce miki yana da ita a kasuwa ko a intanet ba tare da takardar likita ba, ki riƙe kuɗinki. Akwai filastoci da ake tallatawa da sunan ƙara wa yaro natsuwa, na bitamin da ganyayyaki. Waɗannan ba maganin ADHD ba ne. In likitansa ya ga lallai filastar ce mafita, shi da sashen magunguna na asibiti ne za su nemi hanyar da doka ta yarda.

Mu koma kan haɗiya

A ganina matsalarki tana da magani a nan Kano, da arha. Ritalin na miligiram 10, farar ƙwaya mai tsaga a tsakiya, ana iya murƙushe ta. Tana da ɗaci, kuma ɗacin ne yawanci yake kawo tofarwa da amai, musamman rabin ƙwaya da gefenta ya buɗe tana narkewa a harshe. A daka ta tsakanin cokali biyu, a zuba a cikin cokali ɗaya na yogot ko zuma, ya haɗiye a loma guda, ya bi da ruwa. Cokali ɗaya na ce, ba kofin kunu ba, domin in ya sha rabi ya ture ba ki san nawa ya shiga ba. Kada kuma a yi masa a ɓoye. Ranar da ya gano, har abincin zai daina yarda da shi.

Na ranar da ke dawowa a jaka, hanyarsa ita ce a tambayi likita ko za a koma mai dogon aiki, sau ɗaya da safe. Concerta tana kai wa awa 12, amma dole a haɗiye ta ɗungurungum. In aka fasa ko aka tauna, maganin yini guda zai zubo lokaci ɗaya. Ɓawonta yana fitowa a bayan gida, kada ya tsorata ki. Akwai kuma masu kwanso, irin su Ritalin LA da Medikinet mai dogon aiki, da ake buɗewa a zazzage ƙananan ƙwayoyin ciki a kan cokalin abinci mai laushi marar zafi, a haɗiye ba tauna. Samuwarsu takan yi wuya, sai mai harhaɗa magunguna na asibiti ya duba muku.

Ɗan shekara takwas kuma yana iya koyon haɗiya cikin 'yan kwanaki, in an raba koyon da lokacin shan magani. A zauna da yamma ba gaggawa, ba tsawa. A fara da ƙwayar dafaffiyar shinkafa ɗaya: ya kurɓi ruwa tukuna maƙogwaro ya jiƙe, a ɗora a tsakiyar harshe, ya sha ruwa kurɓi uku a jere, kai a daidai, ba a ɗage shi sama ba. In ta wuce sau biyar, a hau gutsuren alewa da ya ɗan fi ta, har a kai girman ƙwayarsa. Minti biyar zuwa goma ya isa a rana, a tashi a kan wanda ya yi nasara. Wasu yaran sun fi iyawa da bakin gorar ruwa ko da tsinken shan lemo, saboda zuƙar tana ɗauke musu hankali daga abin da ke kan harshe. Ɗure da toshe hanci su ne suke mai da abin yaƙi, kuma suna iya sa ya shaƙe.

Ki kuma tambaye shi, a lokacin da kuke shiri, me ya sa ba ya so. Amsar takan ba da mamaki. Wani ɗaci ne, wani cikinsa ne ke murɗawa in ya sha ba abinci, wani ba ya son yadda yake jin kansa shiru, wani kuma a makaranta ne aka fara kiransa ɗan ƙwaya, ko ya ji wata gwaggo ta faɗa a tsakar gida. Kowanne da gyaransa, kuma uku daga cikin huɗun nan filasta ba za ta taɓa su ba. In za ku koma asibiti, ko wajen likitan da ya fara ganinsa ko sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ki tafi da takarda ta mako biyu: ranakun da ya sha da waɗanda ya tofar, ƙarfe nawa ya yi barci, me ya ci da rana, da layi biyu daga malamar ajinsu da malamin Islamiyya a kan yadda yake kafin azahar da bayan la'asar.